Yadda na karɓi kashi 25 na kuɗin fanshona a Gombe bayan an sallame ni daga aiki

Na rubuta wannan ne domin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da ake cire musu kuɗin fansho duk wata, musamman waɗanda aiki ya suɓuce musu tun ba su kai shekara 50 ba. Tun da maganata ta bazu a unguwa, mutane ke tare ni bayan sallar isha'i suna tambaya ko da gaske ne ana ba mutum wani abu daga kuɗin tun bai tsufa ba. Da gaske ne, ni na karɓa. Sai dai na sha je-ka-ka-dawo kafin kuɗin su shigo hannuna, kuma yawancin wahalar da na sha abu ne da za a iya kauce masa idan mutum ya san abin da ke gabansa.

Na yi aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Gombe daga 2013 zuwa ƙarshen watan Fabrairun 2024. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kaya suka yi tsada, masu shaguna suka rage sari, kamfanin ya ce ba zai iya riƙe mu duka ba. Aka ba ni takardar sallama da albashin wata ɗaya. Shekarata 41 a lokacin, ina da mata da 'ya'ya huɗu, muna gidan haya a Tudun Wada. Abin da ya rage mini mai sunan dukiya shi ne asusun ajiyar fansho da aka buɗe mini lokacin da na kama aiki. Bisa dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa da lambarsa. Albashina na ƙarshe naira dubu 95 ne, amma abin da ake lissafa fansho a kansa, wato asalin albashi da kuɗin gida da na mota, dubu 70 ne. Saboda haka naira 12,600 ya kamata su riƙa shiga duk wata, 5,600 daga gumina, 7,000 daga kamfani.

A makon da ya biyo bayan sallamar na tafi ofishin kamfanin da ke kula da fanshona. Wata matashiya ce ta saurare ni, ta karanta takardar sallamar, ta ce, "Malam, kana da haƙƙin neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunka, amma sai ka cika wata huɗu ba ka samu wani aiki ba. Haka doka ta ce, ba mu da ikon ragewa." Jikina ya yi sanyi, domin azumi na ƙaratowa kuma na zo da tsammanin zan koma gida da labari mai daɗi. Amma ta yi mini abin da har yau nake yi mata addu'a a kai. Ta ce kada in zauna ina ƙirga kwanaki, in yi amfani da watannin nan in gyara takarduna. Ta buga mini bayanin asusuna tun daga watan farko, shafi wajen shida, ta kuma duba kwamfuta ta ce sai na sabunta bayanaina, domin duk wanda ya buɗe asusu kafin 1 ga Yulin 2019 dole ne a sake ɗaukar bayanansa a haɗa da lambar NIN, in ba haka ba ko kwabo ba zai fita ba.

Sabunta bayanan ba shi da wuya idan komai naka ya yi daidai. Za ka cika fom, ka kawo takardar NIN, da takardar ɗaukar aiki, da takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, a ɗauki hotonka da sa hannunka. Ba a biyan ko sisi. Nawa ya tsaya ne a kan suna. Wanda ya cike fom ɗin a ofishinmu a 2013 ya sa sunan mahaifina a gurbin sunana, nawa a gurbin na mahaifina, ya bar sunan kakana gaba ɗaya, alhali a NIN da BVN sunayen uku ne a jere yadda suke. Na'ura ta ƙi karɓa. Aka ce sai na kawo takardar rantsuwa daga kotu da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne mai sunayen, da kuma sanarwa a jarida. Na je rajistar kotu da safe, masu buga takardu na zaune a bakin ƙofa, na biya kuɗin bugawa, na shiga na yi rantsuwa aka buga hatimi, kafin azahar na fito. Sanarwar jarida ta hannun wani wakili na bayar, na jira fitowarta, na sayi kwafi biyu. Idan na haɗa kotu da jarida da hotunan fasfo da fotokwafi da kuɗin Keke Napep, na kashe abin da ya haura dubu 15, a lokacin da kowace naira ɗari biyar nake juya ta kafin in rabu da ita. Gyaran ya ɗauki makonni kafin ya bayyana a na'urarsu. Wani dattijo da muka haɗu a layi, nasa ranar haihuwa ce ta saɓa, na tarar da shi yana zirga-zirga kuma na bar shi yana yi. Gyaran shekaru ya fi na suna wahala nesa ba kusa ba, domin shekarun ne ke yanke lokacin da mutum zai fara karɓar fansho, don haka ana tsananta bincike a kansu.

Ashe da sauran rina a kaba. Da daddare bayan yara sun kwanta na shimfiɗa shafukan bayanin asusun a tabarma, na ɗauko takardun albashina da nake tarawa a leda, ina bi wata-wata da biro ina sa alama. Daga 2013 zuwa farkon 2023 komai ya shiga, ko da yake wani lokaci na wata uku ake haɗawa a biya lokaci guda. Daga nan sai layin ya yanke. Kusan shekara guda, takardar albashi tana nuna an cire mini 5,600, asusu kuma bai nuna shigar komai ba, ba nawa ba, ba na kamfani ba. Sama da naira dubu 130 ke nan. Saƙon waya da ya kamata ya riƙa sanar da ni yana tafiya ne zuwa lambar ofis da aka rubuta a fom ɗin farko. Na daɗe zaune ina kallon takardun. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a watannin nan ne muke sauke kaya har ƙarfe tara na dare, ana ce mana mu yi haƙuri kamfani na cikin matsi, muna haƙurin, ashe har da kuɗin tsufanmu ake toshe ɓarakar.

A nan gizo ke saƙa, domin cikin takardun da ake buƙata daga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa akwai wasiƙa daga tsohon wurin aikinsa da ke tabbatar da cewa an zuba masa duk kuɗinsa. Wato dole in koma wurin mutanen da suka sallame ni in roƙe su takarda. Na je na sami akanta, mutumin da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya. Ya ce, "Wallahi maganar ba a hannuna take ba, daga hedikwata ake biya." Na shiga wurin manaja, na ce, "Yallaɓai, ba rigima ta kawo ni ba, haƙƙina nake nema, ga takardu." Ya karɓa ya ce zai tura. Na dawo, an ce ya yi tafiya. Na sake dawowa, an ce hedikwata ba ta amsa ba. Wata rana akantan ya ja ni gefe ya ce zai iya rubuta mini wasiƙar cewa an biya komai, ya buga hatimi, in je in karɓi kashi 25 ɗina in huta. Na san tausayina ya ji, amma na ƙi, kuma ina ba kowa shawarar ya ƙi. Idan ka miƙa wasiƙar da ta ce an biya ka duka, da hannunka ka rufe ƙofar neman abin da ya rage, ka kuma sa abokinka cikin haɗarin sa hannu a kan ƙarya.

Matashiyar nan ce ta sake nuna mini hanya. Ta ce hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana da ofishin shiyyar arewa maso gabas a nan cikin Gombe, in rubuta ƙorafi in kai. Mutane da yawa a garin nan ba su san da ofishin ba, alhali na Maiduguri da Yola da Jalingo sai sun yi doguwar tafiya kafin su iso shi. Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya, na sa sunana da lambar asusuna wadda ke farawa da PEN, da sunan kamfani da adireshinsa, na jera watannin da ba a biya ba, na haɗa da kwafin takardun albashi da bayanin asusu da takardar sallama. Jami'in da ya karɓa ya bayyana mini cewa doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya saɓa kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kan kowane watan da ya yi jinkiri. Ya buga hatimin karɓa a kwafina ya miƙo mini. Ban biya komai ba. Bayan wasu makonni akantan ya kira ni da kansa, ya ce hedikwata ta biya na dukkanmu da aka sallama tare. Sai kuma aka sake samun tsaiko, wanda yana da kyau a fahimce shi. Kuɗin fansho ba a hannun kamfanin da ke kula da asusunka suke zama ba, wani kamfani ne dabam mai ajiya yake riƙe su, an raba aikin ne don kada mai juya kuɗin ya zama shi ne mai riƙe su. Idan wurin aiki ya biya, sai ya haɗa da jadawalin sunaye da lambobi da abin da kowa zai samu. Namu sun tura kuɗi ba jadawali, kuɗin suka tsaya ba a san na wane ne ba. Sai da na sake bin akanta ya tura jadawalin sannan suka faɗa asusuna.

A wannan zirga-zirgar na ga abin da bai bar raina ba. Wata baiwar Allah ta zo daga Kumo da goyo, ƙanin mijinta na biye da ita, mijin ya rasu yana aiki. Tana riƙe da takardar da ta nuna ita ya rubuta a matsayin magajiya, ta ɗauka shi ke nan. Aka yi mata bayani a hankali cewa rubuta suna a fom bai isa a biya kuɗin mamaci ba, sai an kawo takardar shaidar rasuwa da takardar izinin gado daga kotu. Ta ce, "To Malam, kotun ma ai kuɗi ne, ni kuɗin motar nan ma rance na yi." Babu wanda ya iya ce mata komai. Ta ninke takardun ta ɗaure a bakin zani suka fita. Na bi su waje na gaya wa ƙanin mijin ya tambayi wurin aikin marigayin maganar inshorar rai, domin dokar ta tilasta wa masu ɗaukar aiki su yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma wannan kuɗi ne dabam da na asusun fansho. Bai taɓa jin zancen ba.

Da komai ya kammala na miƙa takarduna: wasiƙar neman kashi 25 da na rubuta da hannuna, takardar sallama, takardun albashi na wata uku na ƙarshe, wasiƙar kamfani ta tabbatar da biya wadda yanzu gaskiya ta ƙunsa, takardar shaidar shekaru, katin shaida, hoton fasfo, da takardar banki mai nuna asusun da za a zuba kuɗin nawa ne kuma sunan ya yi daidai. Aka ba ni fom na cike na sa hannu. A lokacin sai an tura Abuja hukumar ta amince kafin a biya, wannan ma ya ci makonni. Daga watan Yunin 2025 hukumar ta bar wa kamfanonin fansho ikon amincewa da irin wannan buƙata da kansu, don haka wanda zai nema yanzu bai kamata ya jira kamar yadda na jira ba. Ni dai an sallame ni kafin azumi, saƙon banki ya shigo wayata da kaka, ana tsakiyar girbin masara. Asusun yana da kimanin naira miliyan 1 da dubu 840, aka ba ni dubu 460.

Na yi hamdala, maiɗakina ta yi kuka. Sai kuma muka zauna lissafi. Kuɗin haya dubu 150, mai gidan ya yi mana haƙurin da ba kowa zai yi ba. Bashin mai shago dubu 90. Kuɗin makarantar yara dubu 70. Abin da ya saura, dubu 150, muka sa a sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da take yi, wadda ita ta riƙe gidan duk tsawon watannin. Cikin mako guda kashi ɗaya bisa huɗu na ajiyar shekara goma sha ɗaya ya ƙare. Lokacin da na fara aiki, da irin wannan kuɗi babur biyu sababbi za ka saya har da canji. Ranar da na karɓa, ko rabin kuɗin babur ɗaya ba su kai ba. A watan Disamban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Asusun ya yi riba a takarda, gaskiya ne, abin da ke ciki ya fi abin da aka zuba, amma ribar ba ta iya bin tashin farashin kasuwa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin tsarin, duk da amfaninsa, ya fi yi wa mai ƙarfi aiki. Wani babba a kamfaninmu da aka sallama tare da mu, mutumin kirki ne, na haɗu da shi a wurin ɗaurin aure na tambaye shi ko ya nemi nasa. Ya ce bai taɓa su ba, ya bar su su ci gaba da haihuwa har ya kai 50. Yana da gidajen haya a Tumfure, yana sayen takardun sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, waɗanda aka fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi, ana biyan sa rabonsa duk wata shida. Ana iya shiga sukuk da naira dubu 10, takardun ajiya na gwamnati ma da dubu 5, ƙofar a buɗe take ga kowa, amma sai wanda ke da rarar da zai iya mantawa da ita shekaru yake iya shiga. Shi nasa na ƙaruwa, ni kuwa na yanki abincin tsufana na ci yau don ba ni da zaɓi. Ƙasa da ni kuma akwai masu lodi da direbobin da muka yi aiki tare, wasu sun fi ni daɗewa a sito, amma da yake a matsayin 'yan kwangila aka ɗauke su ta hannun wani, ba su da lambar fansho ko ɗaya. Ranar sallama hannu rabbana suka fita. A ƙasar nan kuma aka yi jihohin da suka kafa dokar ba tsoffin gwamnoni fansho da gidaje da motoci a kan aikin shekara huɗu ko takwas, har sai da majalisar dokokin Zamfara ta soke tata a 2019 bayan surutu ya yi yawa. Ina ganin duk mai zancen fansho a Najeriya ya kamata ya riƙa tuna waɗannan masu lodin.

Abin da zan gaya wa wanda ke cikin aiki yanzu shi ne ya je ofishin fanshonsa tun yana da kujera a wurin aiki, ya sa a buga masa bayanin asusu, ya gwada da takardun albashinsa. Wanda ke ciki idan ya yi magana ana sauraron sa, kuma idan ma'aikata suka haɗu suka tambaya tare, kamfani ba ya iya share su. Wanda aka sallama kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran maigadi ya yi masa iso. Ka tabbatar lambar wayar da ke asusun taka ce. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da BVN da asusun fansho. Kada ka yar da takardar albashi ko ɗaya, su ne suka tsaya mini shaida. Duk takardar da ka miƙa a kowane ofis, ka riƙe kwafi a buga maka hatimin karɓa. Kada ka ba kowa kuɗi da sunan zai gaggauta maka, domin babu matakin da ake biya a ofishin fansho ko a hukumar. Ka kuma yi tunani sosai kafin ka nemi kashi 25 ɗin, sau ɗaya ake ba mutum, sauran kuma sai ka kai 50. Idan kana da wata hanyar rufin asiri, ka bar su.

Masu damuwa da maganar kuɗin ruwa, kamar yadda nake damuwa, su sani ana juya kuɗin fansho ne a rukunin asusu masu lamba, kuma tun 2021 akwai asusu na shida wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa, ana sa su a sukuk da makamantansu. Wanda bai kai 50 ba asusu na biyu ake ajiye shi idan bai zaɓa ba, sai ya nema a rubuce sannan a mayar da shi na shida. Na rubuta na nema, an mayar da abin da ya rage mini can. Wanda kuma bai gamsu da kamfanin da ke kula da shi ba, tun watan Nuwamban 2020 ana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara ba tare da an biya komai ba. Masu sana'ar hannu ma, teloli da makanikai da 'yan kasuwa, an buɗe musu nasu tsarin a watan Maris na 2019, mutum ya zuba abin da ya samu kullum ko mako-mako, kuma ana iya cire wani kaso kafin tsufa. Ƙanina tela ne a Jekadafari, na kai shi ya yi rajista, yana zubawa tare da adashinsa.

Yanzu na samu aiki a wani kantin sayar da kayan gini a hanyar Bauchi. Ranar da na kama, mai kula da ma'aikata ya miƙo mini fom ɗin buɗe sabon asusun fansho da wani kamfani dabam. Na ce masa ina da lamba, ita za a ci gaba da zuba wa, domin mutum lamba ɗaya yake yi har ƙarshen rayuwarsa ko wurin aiki nawa ya sauya, mai lamba biyu kuwa sai an haɗe masa su kafin a biya shi komai, wata doguwar tafiyar ce. Maganar tarar jinkiri da tsohon kamfanina bai biya ba tana nan, na sake rubuta wasiƙa a kanta tare da abokan aikina biyu da aka sallame mu tare, muna jiran amsa.